Ɗan Hausa Da Gidansa Na Ƙasa A Nassarawar Kano

A unguwar Nassarawa ta Kano, can bayan ganuwa ta wajen gabas, akwai wani tsohon gidan ƙasa wanda kowa ya sani da sunan Gidan Ɗan Hausa. Mutane da yawa sukan wuce ta gabansa safe da yamma, su ga zankayensa da kaurin bangonsa, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin ko wane ne wannan Ɗan Hausa. Wasu sukan zaci wani attajiri ne na Kano, ko kuwa wani babban bafade. Alhali kuwa mai wannan laƙabi Bature ne, sunansa Hanns Vischer, kuma a harabar gidan nan ne gwamnati ta kafa makarantar da ta zama tushen ilmin boko a Nijeriya ta Arewa. Saboda haka tarihin gidan da na mai gidan abu ne da ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe littafin Hausa ya karanta.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Hanns Vischer ran 14 ga Satumba, 1876, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, cikin wani tsohon gida na attajirai masu riƙo da addinin Kirista. Ya tashi yana jin Jamusanci da Faransanci, daga baya ya haye Ingila ya shiga Jami'ar Kambirij, inda ya yi nazarin harsuna ya sami digirinsa a 1899. A wancan zamani hankalin ƙungiyoyin mishan na Ingila ya karkata ƙwarai ga ƙasar Hausa, domin sun ji labarin yawan jama'arta da girman kasuwancinta. Vischer yana cikin samarin da wannan kira ya ja. Ya fara koyon Hausa tun bai taka ƙasar ba, ya kuma ziyarci Tarabulus, inda a lokacin akwai Hausawa da yawa, fatake da alhazai da 'yantattun bayi.

A shekarar 1900 wata ƙungiyar mishan a ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. Daga bisani suka koma Loko a bakin kogin Binuwai, kuma a can ne Vischer ya same su ya yi aiki tare da su. Zamansa a aikin mishan bai daɗe ba. Ya bar shi, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila, sa'an nan a 1903, wato shekarar da sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano da Sakkwato, ya shiga aikin mulki aka tura shi Barno a matsayin Mataimakin Razdan. A Barno ya ƙara gogewa da zaman mutanen ƙasa, ya ga yadda ake sarauta da shari'a da karatun allo a daular da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin Musulunci.

Ƙetare Hamada

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a 1906. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya shiga jirgin ruwa kamar yadda sauran Turawa suke yi, sai ya nemi izni ya koma bakin aikinsa ta tsohuwar hanyar ayari. Ya tashi daga Tarabulus cikin watan Yuli, lokacin kuwa garin yana hannun Turkawa. A cikin ayarinsa akwai alhazai masu komawa gida daga Makka, da 'yantattun bayi maza da mata waɗanda suke begen sake ganin ƙasar da aka rabo su da ita. Suka bi ta Murzuk a ƙasar Fezzan, suka gangaro Kawar da Bilma, garin gishiri, wanda Faransawa suka shiga a wannan shekara. Sun sha ƙishirwa, raƙuma sun mutu, sun kuma yi arangama da mahara a hanya, kafin su iso Tafkin Chadi wajen ƙarshen shekara.

Ya rubuta labarin wannan tafiya cikin wani littafi na Turanci da aka buga a 1910. Amfanin littafin a yau shi ne ya nuna halin da hanyar Tarabulus zuwa Barno take ciki dab da mutuwarta, gama a 1911 Italiya ta auka wa Tarabulus, a shekarar kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, fatauci ya juya ya fuskanci teku. Ga shi Vischer kuwa, watannin da ya yi yana ci yana sha tare da talakawa, babu tafinta tsakaninsa da su, su ne suka gyara masa harshe har ya iya Hausa irin wadda Bature bai cika iyawa ba. Wannan ƙwarewa da kuma yadda ya saki jiki da jama'a su suka jawo masa laƙabin Ɗan Hausa.

Matsalar Ilmi A Arewa

Bayan cin ƙasa, Turawa sun sami kansu cikin tsaka mai wuya game da sha'anin ilmi. Suna bukatar ma'aikata 'yan ƙasa masu rubutu da lissafi domin haraji da baitulmali da safiyo, amma akawunan da suke da su daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas ake kawo su. A Kudu mishan ne suke riƙe da makarantu. A nan kuwa Gwamna Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, sarakuna kuma ba su amince da makarantar mishan ba. Bugu da ƙari ƙasar ba ta rasa ilmi ba, domin Turawan da kansu sun ƙiyasta makarantun allo sun kai 20,000 ko fiye, ban da zaurukan manyan malamai.

Likita Mila na mishan ɗin Zariya ya kawo shawara a ba shi 'ya'yan sarakuna ya koyar da su, amma abin bai yiwu ba. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya ga cewa sai dai gwamnati ta yi makaranta tata ta kanta, a 1908 kuma ya ɗora wa Vischer wannan nauyi. Kafin ya fara, an aika shi ya dubo yadda ake yi a Masar da Sudan, inda ya ga Kwalejin Gordon ta Hartum, da kuma Gwalkwas da Ikko. Ya komo da ra'ayin cewa kada a kwaikwayi makarantun bakin teku, waɗanda a ganinsa suna raba yaro da iyayensa da al'adunsa. Aka zaɓi Kano ta zama cibiya, Sarkin Kano Abbas kuma ya ba da wuri a Nassarawa.

Yadda Gidan Ya Samu

A wancan lokaci Nassarawa ba gari ba ce kamar yadda muka san ta yanzu. Gandun sarki ne da gonaki, da gidan shaƙatawa na Sarkin Kano, sai kuma 'yan gidajen Turawan mulki da aka fara kafawa bayan 1903. Abin da ake ruwaitowa a Kano shi ne, tun kafin zuwan Turawa akwai wani ɗan gidan ƙasa a wurin, na mai kula da gandun sarki, kuma shi ne Ɗan Hausa ya samu ya gyara ya faɗaɗa. Ta haka ya zama ɗaya daga cikin mazaunan farko na unguwar da daga baya ta zama mazaunin Razdan da manyan ma'aikatan gwamnati.

Da ya tashi gini bai nemi a kawo masa kwano da katako daga Ikko ba. Maginan Kano ya kira, suka yi masa aiki irin wanda suka gāda. Tsarin ɗakunan ya dace da zaman Bature, amma hannu da dabara na Hausawa ne. Akwai dalilin kuɗi a ciki, domin kafin jirgin ƙasa ya iso, kowane kaya mai nauyi a kan 'yan alaro ko bayan jakuna yake zuwa. Akwai kuma dalilin manufa. Mutumin da yake so ya rinjayi sarakuna cewa makarantarsa ba za ta mai da 'ya'yansu baƙi a gidajen iyayensu ba, ya kamata a same shi a gida irin wanda suka saba shiga.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake irin wannan gini, don ya gane abin da ya sa gidan ya kai yau. Da farko akan haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Magini yakan hau bango ya zauna, ana jefa masa tubali da curin ƙasa yana jerawa, bangon kuwa yakan fi kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kauri shi yake tsare zafin rana ya hana shi shiga ɗaki, da dare kuma lokacin hunturu ya riƙa sakin ɗumin da ya tara.

Rufi shi ne inda gwanintar take. Ana yin sa da azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Don haka magina suka ƙago bakan gizo, wato a riƙa ɗaura azara a kan azara daga bango biyu, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. In bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a sama. A ƙarshe a shafe rufin da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a yi wa bango makuba daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo domin ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Wannan ita ce sana'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya cikin ƙarni na 19, ita ce kuma aka yi wa Ɗan Hausa aiki da ita.

Makarantar Nassarawa

A 1909 aka fara karatu. Ajin farko na malamai ne, wato mutanen da suka riga suka yi karatun Arabiyya, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa domin su zama masu koyarwa. Bayansu aka buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna, da ta elementare, da ta sana'a inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da gini, da kuma ajin safiyo. An kawo ɗalibai daga larduna dabam-dabam na Arewa, baitulmalin En'e kuma yana taimakawa da kuɗi. Da Hausa ake koyarwa. Yara suna sa rigunansu na gida, suna kwana a gidaje irin na gargajiya, malamai Musulmi kuma suna koya musu addini da Larabci. A 1911 Ɗan Hausa ya auri Isabelle de Tscharner, 'yar ƙasarsu, ta zo ta zauna tare da shi a gidan, ta kuma rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Arewa, wanda ya fito a 1917.

Kada a zaci jama'a sun karɓi abin hannu bibbiyu. Iyaye da yawa sun ɗauka dabara ce ta raba yara da addininsu, musamman da yake an san mai makarantar ya taɓa aikin mishan. Wasu masu sarauta sukan ɓoye 'ya'yansu su tura 'ya'yan barori. Kalmar boko ma kanta tun asali tana nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko, wannan kuwa ya isa ya nuna irin kallon da aka yi wa sabon karatun. Duk da haka makarantar ta yaye mutanen da suka zama malaman makarantun lardi da aka buɗe a Sakkwato da Katsina da sauran wurare. Cikin waɗanda suka yi karatu a Nassarawa akwai Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kuma rubuta littafin Ganɗoki.

Wani aikin da ya fita daga gidan nan shi ne daidaita rubutun Hausa. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami, Turawa kuma kowa yana rubuta Hausa da haruffan Rumawa yadda ya ga dama. A 1912 Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda makarantun gwamnati suka bi. An yi musu gyare-gyare daga baya, musamman cikin shekarun 1930, lokacin da ƙamusun Bargery ya fito a 1934, aka kuma shigo da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Amma harsashin da aka ɗora waɗannan gyare-gyare a kansa a Nassarawa aka haƙa shi.

Bayan Barinsa Kano

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Ɗan Hausa ya bar Kano ya shiga aikin sojan Ingila a sashen leƙen asiri, har ya kai muƙamin Manjo. Bai sake komawa kan kujerarsa ta Daraktan Ilmi ba. A 1923 aka naɗa shi Sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara a kan ilmi a Afirka, ya riƙe wannan aiki har 1939. Kwamitin nan ne ya fitar da takardar manufa ta 1925, wadda ta ce a daidaita ilmi da rayuwar mutanen kowace ƙasa, a kuma yi amfani da harsunansu. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a London, ya zama Babban Sakatarenta, Lugga kuwa shugaba. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya rasu a Ingila ran 19 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 68.

Masana tarihi sun rabu a kan aikinsa. Masu yabonsa suna cewa ya girmama harshen Hausa da addinin jama'a a zamanin da Turawa da yawa suke raina duk abin da yake na baƙar fata, kuma ba domin koyarwa da Hausa ba, da adabin boko bai bunƙasa da wuri haka ba. Masu sukarsa kuwa suna cewa tsarin nasa bawan mulkin mallaka ne. An taƙaita Turanci, an fi kula da 'ya'yan masu sarauta, an kuma tafi a hankali ƙwarai, har ya zama lokacin da aka doshi mulkin kai Arewa ba ta da isassun ma'aikata in an gwada ta da Kudu. Suna ƙarawa da cewa fifita boko ya ture ajami daga ofis, ya mai da dubban malamai kamar marasa ilmi a idon hukuma. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma har yau ba a gama warware tambayar da ya tarar ba, wato yadda za a haɗa karatun allo da na boko ba tare da an zubar da ɗaya ba.

Makomar Gidan

Bayan tafiyarsa manyan Turawan mulki sun ci gaba da zama a gidan har zuwa samun mulkin kai a 1960, amma sunan ko ɗaya daga cikinsu bai bi gidan ba, sai na mai shi na farko. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, daga baya kuma aka danƙa gidan ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, wadda ta mai da shi wurin adana kayan tarihi da na sana'o'in gargajiya. A halin yanzu gari ya riga ya haɗiye Nassarawa. Gonakin da suka kewaye gidan sun zama tituna da ofisoshi da benayen siminti, shi kuwa yana nan tsaye fiye da shekara 100 bayan an yi masa yaɓen farko.

Sai dai ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da kulawa. In aka bar indararo ya toshe, ko laso ya tsage ba a gyara ba, damina biyu ko uku sun isa su kawo rufi ƙasa. Shafa masa siminti kuma ba magani ba ne, gama siminti yakan tsare laima a cikin bango har ƙasar ta ruɓe daga ciki. Mun ga yadda ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ta zaizaye a wurare da yawa saboda sakaci da cin iyaka. A Agadas kuwa, inda jama'a suka riƙe al'adar gyaran hasumiyar masallacinsu ta ƙasa, tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Saboda haka abin da gidan nan yake bukata, shi da Gidan Makama da sauran irinsu, shi ne a ware musu kuɗin gyara kowace shekara kafin saukar ruwa, a kuma nemi tsofaffin magina da suka san ɗaurin azara da haɗin laso su koya wa matasa tun suna raye. In sana'ar ta mutu, kuɗi ba za su tsai da bango ba. Ya kamata kuma shugabannin makarantu su riƙa kai ɗalibai su ga wurin, a gaya musu abin da aka yi a cikinsa, mai daɗi da marar daɗi, domin haruffan da suke karatu da su a aji daga wannan harabar aka fara tsara musu ƙa'ida.